Kalandar makonnin rayuwa: a saya ko a bari?

Takarda ce guda ɗaya, babba, mai kauri, babu hoto babu ado. An jera mata ƙananan gurabe masu kusurwa huɗu, 52 a kwance, layi 80 daga sama zuwa ƙasa. Kowane gurbi mako ɗaya ne, kowane layi shekara ɗaya, jimla gurbi 4,160. Aikin mai ita shi ne ya cike makonnin da ya riga ya cinye da baƙar tawada, daga nan duk ƙarshen mako ya ƙara ɗaya. A saman tawa an buga kalmomin Latin guda biyu, memento mori, wato ka tuna za ka mutu. Iyakar kayan ke nan. Masu sayar da irinta a intanet sun yi yawa, wasu sukan kai layi 90, wasu su haɗa da firam, amma tsarin ɗaya ne, don haka ba sai na kama sunan wanda na saya a wurinsa ba.

Ni akanta ne, kuma na haura shekara 40. Dalilin da ya sa na neme ta, wani abokin aikina ne, sa'ana, Allah ya yi masa rasuwa ba tare da wata doguwar jinya ba. Ni aka ɗora wa rufe fayilolinsa. A ƙarƙashin kibod ɗin kwamfutarsa na tsinci 'yar takarda da rubutun hannunsa: abubuwan da yake so ya gama kafin wata ya ƙare, an jera su da lamba, har da ganin likitan haƙori da sabunta lasisin tuƙi. Na farkon kawai ya soke. Mutum irina idan abu ya girgiza shi, lissafi yake lalubawa ya riƙe. Da na ci karo da tallar kalandar sai na ce, yauwa, ga irin tawa.

Ta fuskar ƙira ba ni da ƙorafi mai yawa. Takardar ba ta sheƙi, tawada na zama a kanta ba ta malala. A naɗe ta zo cikin dogon kwali, sai da na danne ta da littattafai na 'yan kwanaki kafin ta yarda ta kwanta. Alƙalamin da aka haɗo da ita ne bai yi ba. Bakinsa ya yi kauri, gurbin kuwa bai wuce rabin santimita ba, kafin ka ankara ka shafa wa makon gaba baƙi. Na ajiye shi na ɗauko biro mai siririn baki. Lambobin shekaru da ke gefe an buga su dishi-dishi, mai raunin gani sai ya nemo tabarau. Akwai kuma abin da ba a bayyana ba alhali ya kamata: layi ba daga Janairu yake farawa ba, daga ranar haihuwarka ne.

Amfanin kalandar nan kusan duka yana cikin zaman farko, ranar da za ka cike abin da ya wuce. Akwai masu sayarwa da za ka ba su ranar haihuwarka su bugo maka ita a cike. Kada ka yarda. Mai shekara 40 gurbi 2,080 ne ke jiransa, rabin takardar cif, kuma gajiyar da hannunsa zai yi tana cikin abin da ya saya.

Layuka huɗu ko biyar na sama su suka fara tsayar da ni. Fiye da mako 200 ke nan da ban tuna komai a cikinsu ba. Wasu ne suka ɗauke ni, suka wanke ni, suka kwana a zaune saboda zazzaɓina, ga ni yanzu ina shafe su da biro cikin 'yan mintuna. Ban taɓa ganin girman bashin mahaifiyata a kaina ido da ido ba sai ranar. Daga nan shekarun makaranta suka shigo da hayaniyarsu, kusan kowane layi da fuskar da ke leƙowa. Da na iso shekarar da mahaifina ya rasu sai hannuna ya rage gudu. Na bi da yatsa daga hagu ina ƙirgawa har na gano makon. Gurbi ne kamar sauran, faɗinsa ɗaya da na gefensa, babu abin da ya bambanta shi. Na daɗe da biro a sama ban sauke ba.

Abin da ya fi sanyaya mini jiki kuwa can ƙasa yake, tsakanin 30 da 40. Akwai layuka cur da na cike daga farko har ƙarshe ban tsaya ko sau ɗaya ba, saboda babu makon da ya ɗago kai ya ce ga ni. Ofis, gida, ƙarshen wata, rufe lissafin shekara, a sake sabon lale. Ban aikata wani mugun abu a shekarun nan ba, ban kuma san inda suka shiga ba. Wa'azi nawa na saurara a kan gudun lokaci, amma gani ya kori ji.

Inda za a rataye ta ma magana ce. A ɗakin kwana na fara sa ta. Maiɗakina ta daure na ɗan lokaci, sannan wata safiya ta ce, "Abban Ummi, don Allah ka kai abin nan wani wuri. Na san za mu mutu, amma ba sai na buɗe ido kullum na ga ana ƙirga maka kwana ba." Gaskiyarta. Wanda ya saya shi ya zaɓa, wanda ke kwana a ɗakin ba a shawarce shi ba. Ita kuwa Ummi ta ɗauka wasan fenti ne. Ta miƙo hannu ta ce, "Abba, kawo biron in ƙarasa maka sauran." Uwarta ta yi salati. A ranar kalanda ta koma ɗakin da nake karatu.

Tunda da lissafi ta zo, bari a bi ta da lissafi. Mako 52 kwana 364 ne, shekara kuwa 365, duk bayan shekara huɗu 366. A shekara 80 kalandar ta zubar da kwana 100, wato mako 14 da 'yan kai. Idan kana bin ta mako-mako babu gyara, layinka zai riƙa ƙarewa kafin ranar haihuwarka ta zagayo, giɓin na ƙaruwa. Maganinsa, duk bayan shekara biyar ko shida ka bar mako ɗaya ya wuce ba ka cike ba. Mai ƙirga shekarunsa da watannin Musulunci kuma nasa daban: shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, saboda haka layi 80 na nan ya kusa shekara 82 da rabi a can. Mai barcin awa takwas a rana kuwa, kashi ɗaya cikin uku na takardar, kusan gurbi 1,400, a kwance zai cinye shi. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, halin sana'a ya sa na kawo su.

Babbar tambayar ita ce, wa ya ce 80? Lambar ba daga sama ta faɗo ba. A Zabura ta 90 an ce kwanakin mutum shekara 70 ne, ko 80 ga mai ƙarfi. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya sa shekarun wannan al'umma tsakanin 60 da 70, kaɗan ne ke wucewa, shi kansa Annabi (SAW) yana da 63 ya yi wafati. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun sa matsakaicin tsawon rai a duniya yanzu wajen shekara 73. A Japan ya kai 84, akwai kuma ƙasashen da bai kai 60 ba. A farkon ƙarni na 20 wajen 32 ne, ba wai don manya ba sa tsufa ba, yawan mutuwar jarirai ne ke jan lissafin ƙasa. Matsakaici na taro ne, babu wanda aka ba shi a hannu. A ɗaya ƙarshen kuma ga Jeanne Calment, 'yar Faransa da ta rasu a 1997 tana da shekara 122, wadda sai an liƙa mata fiye da rabin wata takardar kafin ta ishe ta.

Ƙanin mahaifina ya haura 80, hankalinsa ras. Ya ga kalandar ya tambaya, na yi masa bayani ina ɗan jin nauyi. Ya ɗora kan sandarsa a layin ƙarshe, ya zarce da ita ƙasa har kan fentin bango.

"To, ni nan nake zaune ke nan, a bango?"

Na ce, "Allah ya ƙara nisan kwana, Baffa."

Ya ce, "Amin. Amma wanda ya zana maka wannan, ka tambaye shi ko shi an nuna masa nasa." Ya yi dariyarsa ya wuce.

Baffa ya taɓo babban aibin kayan, sai dai ta ɗaya gefen ya fi ciwo. Baƙaƙen gurabe gaskiya ne, sun faru. Fararen fa? A aikinmu, kuɗin da ba su shigo ba, babu kuma wanda ya sa hannu cewa zai biya ka, ba ka da ikon rubuta su cikin kadarar kamfani. Wanda ya yi haka littafin ƙarya ya shirya, ko da kowace lamba ta daidaita. Abin da kalandar nan ke yi ke nan. Tana shimfiɗa maka fararen gurabe a jere, tsaf-tsaf, sai ka ce ajiyarka ce. Da aka kwana biyu, sanyin zaman farko ya sake ni, na lura idona ya daina zuwa kan baƙin. Farin yake dubawa, zuciya na raɗa mini ai da saura, fiye da layi 30. Abin da aka sayo don ya gajarta buri, sai ga shi yana ƙara masa tsawo.

Akwai wani zane da ya girmi wannan da ƙarni 14, ya kuma fi shi faɗin gaskiya. Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa Annabi (SAW) ya zana gida mai kusurwa huɗu, ya ja layi a tsakiyarsa har ya fita waje, sannan ya yi 'yan ƙananan layuka a gefen na tsakiyar. Ya ce wannan mutum ne, wannan ajalinsa ne da ya kewaye shi, wanda ya fita waje burinsa ne, ƙananan kuma musibu ne, idan wannan ta kuskure shi waccan ta cafke shi. A wancan zane iyakar tana datse layin tun bai ƙare ba, kullum da sauran buri a waje. A kalanda kuwa an ɗaure buri da ajali wuri ɗaya, a kusurwar ƙasa ta dama, har da lamba a gefe. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta ce babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. 'Yar takardar abokina mai soke ɗaya ta fi kalandata kama da wancan zanen.

Ba sai mai addini ne zai ga haka ba. Jon Underwood, wanda ya fara tarukan Death Cafe a Landan a 2011, inda mutanen da ba su san juna ba kan zauna su yi hirar mutuwa a fili, ya fi yawancinmu tunanin abin. Ya rasu kwatsam a 2017, sakamakon kansar jini da ba a gano ba, yana da shekara 44. Da yana da irin wannan takarda, da an sauke ta da layi 35 ba a taɓa ba.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi daɗewa a raina: tuna mutuwa shi kaɗai yana gyara mutum? Masu talla sun ce e. Maganarsu duka ta gaggawa ce, ka tashi, ka yi tafiye-tafiye, ka buɗe kamfaninka, kada lokaci ya wuce ka, suna kuma jingina da sunayen Seneca, masanin falsafa na tsohuwar Rum, da Marcus Aurelius, sarkin Rum da ya yi mulki daga 161 zuwa 180. Su waɗancan kuwa tuna mutuwa a wurinsu hanyar rage kwaɗayi da girman kai ce, ba ta ƙara gudu ba. Akwai wani gwaji da masana halayyar ɗan Adam suka wallafa a Amurka a 1989. An sa wasu alƙalan birnin Tucson su rubuta abin da suke ji game da mutuwarsu, wasu kuma ba a sa su ba. Sannan aka ba kowa takardar shari'a iri ɗaya, ta wata mata da ake tuhuma da karuwanci, aka ce ya yanke kuɗin beli. Waɗanda ba a tuna wa mutuwa ba sun tsaya a dala 50 a matsakaici. Waɗanda aka tuna wa, dala 455. Tausayi bai ƙaru ba, tsanani ne ya ƙaru. Don kada a ce na ɓoye, daga baya ɗakunan bincike da dama sun haɗu sun maimaita wani gwaji na wannan fanni, sakamakon bai fito yadda aka zata ba, saboda haka ba hujja ce yankakkiya ba. Amma ko ba a je Tucson ba, na san wanda mutuwar ɗan'uwa ta mayar mai sakin hannu da yafiya, na kuma san wanda ta mayar mai ƙanƙame dukiya da rigimar gado. Tunatarwa ɗaya suka samu.

Kalanda ta iya cewa lokaci na tafiya. Ina aka dosa, a nan ba ta da ta cewa. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da mutum ke nema idan ya farka tsakar dare yana tambayar kansa wai duk faɗi-tashin nan na mene ne. Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ostiriya da ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, ya ce ta hanya uku mutum ke samun ma'anar rayuwarsa: aikin da ya yi, abin da ya ɗanɗana ko wanda ya ƙaunata, da kuma yadda ya ɗauki wahalar da babu makawa daga gare ta. Babu ɗaya cikin ukun da ake aunawa da mako. Ni a matsayina na Musulmi, amsar tana aya ta biyu ta Suratul Mulk: an halicci mutuwa da rayuwa don a jarraba mu, wa ya fi kyautata aiki. Umar ɗan Abdul'aziz bai cika shekara uku yana halifanci ba, daga 717 zuwa 720, ya rasu yana da wajen shekara 40, har yau da adalcinsa ake misali. Imam Nawawi bai wuce 45 ba, ga ɗalibai nan na karatun abin da ya bari bayan ƙarni bakwai. A ma'aunin kalanda wajen rabin takarda kowannensu ya samu. A bangona kuma makon da aka haifi Ummi da makon da na kashe ina gardama da baƙi a intanet launinsu ɗaya, girmansu ɗaya.

Shi ya sa na yi mata gyara biyu. Na yanko farar takarda na rufe duk abin da ke ƙasa da layin da nake ciki. Ko ragowar layin ma ba nawa ba ne, amma dai ƙaryar ta ragu. Na biyu, na daina shafe gurbi da baƙi. Yanzu harafi ɗaya nake sawa, harafin farko na sunan wanda ya amfana da ni a makon: wanda na je dubawa, wanda na taya wani aiki, wanda na kira na ba haƙuri, wani lokaci ma kawai wanda na zauna na saurara har ya gama magana. Makon da na laluba ban samu kowa ba, ɗigo nake yi a tsakiya. Akwai watannin da ɗigo ya jeru huɗu reras. Wannan ya fi baƙin da nake shafawa a da cizo nesa ba kusa ba, don baƙi ba ya tuhumar kowa, yaro da babba, nagari da mugu, kowa mako ɗaya yake ci a mako.

Sabo ma yana nan yana jira. Bayan 'yan watanni ido ya daina ganinta, abin da ke cetonta kawai shi ne tsayuwar da za ka yi gabanta da biro a ƙarshen mako. Masu son waya suna da manhajar WeCroak da ta fito a 2017, tana aiko saƙo sau biyar a rana cewa kada ka manta za ka mutu, bisa wata magana ta mutanen ƙasar Butan cewa mai son farin ciki ya tuna mutuwa sau biyar kullum. Ta fi kalanda da abu ɗaya: saƙon ba shi da tsayayyen lokaci, yakan faɗo kana tsakiyar taro ko dariya, yadda ita mutuwar ke yi. Sai dai ba ta da zaman farko. Wanda kuma ke karanta addu'ar kwanciya da ta farkawa da hankalinsa a jikinsa, da dare ya ce da sunan Allah yake mutuwa yake rayuwa, da safe ya gode wa wanda ya raya shi bayan ya kashe shi, yana da tunatarwa biyu kullum tun ba a san waya ba. Cutar dai ɗaya ce a ko'ina, baki ya saba, zuciya ta yi nata wuri.

Wanda ke tsakiyar shekaru, lafiyarsa ƙalau, rayuwa ta zame masa jiya-i-yau, zai amfana da ita. Ɗan shekara 20 ban ga abin da za ta tsinana masa ba. Kashi uku cikin huɗu na takardarsa fari ne fat, sai dai ta ƙara masa sakewa. Wanda ke cikin sabon rashi, ko mai fama da ciwon damuwa, ko wanda tunanin mutuwa ke hana shi barci, ya nisance ta. Shi mutum yake buƙata ya zauna da shi, ko likita, ba takarda ba. Kada kuma a kai wa maras lafiya ko dattijo ita da sunan kyauta, ba kowa ne Baffa ba.

Cikin biyar na ba ta uku, biyu na zaman farko, ɗaya na ingancin takarda. Mai son ya gwada kafin ya saya, takardar lissafi mai gida-gida ta 'yan makaranta ta wadatar. Ya haɗa shafuka da salatif, ya ƙirga 52 a kwance, ya ja layuka daidai yawan shekarunsa, ya ƙara ɗaya na bana, ya tsaya a nan. Ya nemi maraicen da babu mai nemansa, ya kashe waya, ya kuma tanadi biro biyu, don mai shekaru da yawa ɗaya ba lallai ya ishe shi ba.